Amfanin Makullin Hannu a Ƙofar Lantarki

A ganina, duk ƙofar da ake buɗewa da kati ko lambar sirri tana buƙatar makunnin da ake murzawa da makulli. Kwaɗon maganaɗisu yana riƙe ƙofa ne muddin wuta mai ƙarfin volt 12 ko 24 tana shigarsa, saboda haka idan na'urar karanta kati ta lalace, murza makullin zai yanke wutar kai tsaye, ƙofar ta saki.

Wani makunnin yana komawa da kansa da zarar an sake shi, wani kuwa yana barin ƙofar a buɗe har sai an mayar da shi. Na biyun ne ya fi damuna, domin ana iya mantawa, don haka ya kamata a taƙaita masu riƙe makullin.