Yadda na koyi ɗurin bindigar Kawu

Bindigar ta Kawu ce, ƙanen mahaifiyata. Irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, wadda wasu ke kira baushe, wasu harba-ka-ruga, don in ta yi magana sau ɗaya sai an sake mata ɗuri. Da ƙafa ta fara hana Kawu zuwa gona, sai ya miƙo mini ita haɗe da ƙahon albarushi da wata jakar fata da zufa ta mayar baƙa, ya ce, "Ɗana, gonar nan ta bakin daji ce. In ba ka tsare ta ba, gadu da bika za su riga ka girbi."

Gonar tana ƙasar Alkaleri ta jihar Bauchi, ba nisa da iyakar gandun dajin Yankari. An keɓe dajin tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma farauta a cikinsa laifi ne. Ni ban taɓa shiga da makami ba, ba kuma zan shiga ba. Amma dabba ba ta san iyaka ba, da masara ta fara goyo za ka ga sawu a kunya. Kafin in taɓa kunamarta sai da na bi maganar takarda. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta masu cin harsashin kanti, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai irin tamu ta ɗuri, wadda lamarinta ke wajen kwamishinan 'yan sandan jiha.

Shekarar farko da ido nake ɗuri. In tsiyayo albarushi a tafin hannu gwargwadon yadda zuciya ta raya mini, in zuba, in tura tsumma, in jefa dalma, in danna. Ranar da na tarar da ɓarna mai yawa, hannuna kan yi nauyi, in ƙara. A tunanina a lokacin, yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi, ƙarfin harbi kuma shi ne samu.

Wata gada ce ta dawo da ni hanya. Da la'asar na gan ta a cikin wake, na auna kafaɗa, na harba. Da hayaƙi ya washe sai na hango ta tana jan ƙafar baya tana shiga ciyawa. Na bi ɗigon jini a kan ganye har aka kira magariba, ban same ta ba. Bayan kwana biyu ungulaye suka nuna mini inda ta kwanta. Ba naman ne ya dame ni ba. Tun muna makarantar allo muka haddace cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, kuma in za a kashe a kyautata kisan. Dabbar nan ta kwana tana shan azaba saboda ni.

Da labari ya bazu, aka yi ta ba ni shawara. Wannan ya ce an ɗaure bindigar, a nemo mai kwancewa. Wancan ya ce tun da ta bar hannun mai ita ta yi fushi. Kawu bai ce komai ba, sai ya tura ni wajen wani dattijo cikin mutanen Sarkin Baka, abokin farautarsa na da.

Na same shi a gindin tsamiya yana gyaran tarko. Ya karɓi bindigar, ya leƙa bakinta, ya jingine. Ya sa aka kawo faranti, ya ce, "Yaro, zubo mini ɗuri ɗaya a nan, yadda ka saba." Na zuba. Ya ce in ƙara wani a gefe, sannan wani. Tsibi uku suka jeru a farantin, kuma ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya suke ba. Na tsakiya ya kusa ninka na farko. Ya dube ni ya ce, "Bindiga uku gare ka, kana auna su da ido ɗaya. Wacce za ta samu?" Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya ce in fara zuwa wajen maƙeri.

Maƙerin ya kwance bututun, ya duba kaurinsa da gindinsa, ya yanko mini ɗan guntun gora ya toshe ƙarshensa, ya ce wannan shi ne iyaka, kada in taɓa wuce cikinsa. Da gangan na ƙi rubuta yawan a nan, domin kowace bindigar maƙera da nata ƙarfen, abin da tawa ta ɗauka yana iya fasa ta wani. Daga wannan goran na yanka wasu biyu da ba su kai shi tsawo ba, na samu ma'auni uku.

Rani guda na yi ina gwaji. Na zaɓi wani babban suri a ƙarshen gona, inda babu hanya ko gida a bayansa, ina kafa kwali a jikinsa da zanen gawayi a tsakiya. Taku 30 nake ƙirgawa, in ɗora bindigar a kan buhun yashi don hannu ya fita daga lissafi. Harbi uku da kowane ma'auni, kuma abu ɗaya kawai nake sauyawa a rana. In na sauya albarushi, tsumma da dalma na nan yadda suke. Komai ina rubutawa a littafin ɗalibai: rana, ma'auni, iska daga ina take, ramukan sun kai tafin hannu nawa.

Abin da kwalin ya nuna ya ba ni mamaki. Babban ma'auni, mai ƙarar da ke tashin tsuntsayen fadama, shi ya fi watsa harbi, ga bugun kafaɗa da ke sa mutum runtse ido tun kafin ya ja kunama. Na tsakiya shi ya tara ramuka uku a wurin da faifai zai rufe.

Duk da haka, cikin harbi biyar ɗaya kan kauce. Sai na koma kan dalmar. Ina koyar da kimiyya a sakandare, don haka na kwashi dunƙule 20 daga jakar Kawu na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ma'aunin ɗakin gwaji. Wasu sun fi wasu nauyi ƙwarai, wasu ba su ma zagaye ba, da guduma aka dunƙula su. Na yanka guda biyu marasa nauyi, na tarar da kogon iska a ciki. Irin wannan tana fita daga baki take karkata. Maƙeri ya yi mini mazubi daidai bakin bindigar, kuma tun daga nan duk wadda nauyinta ya saɓa da 'yan'uwanta sai ta koma wuta. Narkar da dalma a fili nake yi, nesa da gida, da gwangwanin da ba ya shiga madafa, kuma yara ba sa matsowa. Wanda ya tuna gubar dalmar Zamfara ta 2010, wadda ta ci yara kusan 400, ba zai yi wasa da ƙurarta ba. Masu cusa ƙusa da gutsattsarin ƙarfe kuwa, bututu suke ci, kuma ƙarfe in ya daki dutse dawowa yake yi.

Tsumma ma na daina yagowa yadda na ga dama. Tsohon zane ɗaya na yayyanka girma ɗaya. Dannawa kuma dole dalma ta zauna daram a kan albarushi, don in aka bar sarari a tsakani bututu na iya kumbura ko ya tsage. Dattijon nan ya sa na yi tsaga biyu a jikin sandar ɗuri, ɗaya ta nuna bindiga ba komai, ɗaya ta nuna ɗuri ɗaya ya zauna. In sanda ta tsaya sama da tsagar, to akwai matsala, ko an yi ɗuri kan ɗuri. Ya kuma hana ni tsiyayawa daga ƙaho kai tsaye cikin baki, saboda ɗan garwashin da ya rage a ciki ya isa ya tashi da ƙahon a hannun mutum.

Damina ta koya mini nata darasin. Albarushi da toka da yake bari a bututu duk suna jan laima. Wata safiyar Agusta na ja kunama, ta yi ƙyas, shiru. Na riƙe ta tana kallon suri ina ƙirge a zuci, sai ga ta ta tashi bayan ɗan jinkiri. Da na juyo da bakin don in leƙa, da wani ne ke ba da wannan labari. Yanzu albarushina a kwalba mai murfi yake, kuma duk ranar da na yi harbi, da ruwan zafi nake wanke bututun, ruwan na fita baƙi ƙirin da warin ruɓaɓɓen ƙwai, har sai ya fito fari, in busar, in shafa mai.

Na karanta yadda maharban Amurka ke ɗura harsashinsu da kansu, suna auna garin harsashi da ma'aunin da ke raba nauyin fam ɗaya gida 7,000, suna harbin allo a yadi 1,000. Bututunsu na da zane murɗaɗɗe a ciki wanda ke juya harsashi kamar katantanwa, namu kuwa sumul yake, kuma dokarmu ba ta ba kowa damar haɗa harsashi a gida ba. Amma littafin da suke ajiyewa irin nawa ne: sauya abu ɗaya, harba, rubuta. Garinsu kuma daban ne, ƙarfin matsinsa ya fi na albarushi nesa ba kusa ba. Wani matashi a ƙauyen da ke gaba da mu ya farke harsashin kanti ya juye garin a baushe don ta ƙara ƙarfi. Na je dubiya asibiti a Bauchi, na ga hannun hagunsa a naɗe, yatsu biyu babu.

Kwalin ya nuna mini iyakata. A taku 30 faifai ke rufe ramukan, a 40 murfin tukunya, a 60 kuwa sai abin da Allah ya yi. Daminar bara gadu ya fito bakin masara da asuba, na ƙiyasta ya kai taku 60. Na zauna a bayan kunya raɓa na jiƙa mini gwiwa, sauro na cizo, na bar shi yana tono yana matsowa har ya iso kusa da kututturen da na san taku 35 ne daga mazaunina. Harbi ɗaya, bai ƙara taku ba. Da na dawo na faɗa wa Kawu, sai ya ce in miƙo masa sandar ɗurin, ya shafa tsagogin nan biyu da babban yatsa, ya tambaye ni ko na wanke bututun kafin in karya kumallo.