Yadda nake ciro gaskiya daga bakin masu saurarona

A Bauchi, in ka kunna wa mutum waƙar da ka yi da hannunka, amsar kusan ɗaya ce: "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira." Addu'a ce, kuma ina karɓarta hannu bibbiyu. Sai dai mai haɗa sauti ba ya iya gyara komai da ita. Mu mutane ne masu kara, da wuya abokinka ya dubi idonka ya ce waƙarka tana sa masa ciwon kai. Tunda na fara naɗar waƙoƙin rok, wato kiɗan Turawa na jita mai lantarki, a ɗakina da ke Yelwa, koyon manhaja bai wahalar da ni kamar koyon yadda ake tambayar mai jin nauyinka ba.

Kayan aikina ba su da yawa: jita mai lantarki, makirfo ɗaya, ƙaramin sawun kad (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta), da laftof mai manhajar Reaper. Ganguna daga cikin manhaja nake tsara su. Ɗakin siminti ne da tayil, don haka nakan jingina katifa da bango in rataya bargo a bayana don rage amsa-kuwwa. Lokacin naɗar jita kuma nakan zare cajar laftof, domin wutarmu tana gudana a kan 50 Hz (Hz ma'aunin yawan kaɗawa ne a daƙiƙa ɗaya), kuma jita tana kwaso gurnaninta. Duk wannan mutum zai iya koya shi kaɗai. Abin da ba zai iya shi kaɗai ba shi ne jin waƙarsa da sabon kunne. Wanda ya rubuta baiti yana jin kowace kalma ko da kiɗa ya binne ta, don ya riga ya haddace.

Shi ya sa na daina tambayar "ya ka ji ta?" Takarda da biro nake miƙawa. Na ba ƙanwata, na ce ta rubuta abin da ta ji ina faɗa. Baitin farko ta kawo shi cif, har da waƙafi. Da aka zo amshi, inda jitoci biyu suke shigowa da ƙarfi, sai ta rubuta kalma uku ta ja dogon layi, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, a nan kam sai dai ka faɗa min." Ba ta kushe ni ba, ba ta kuma ji kunya ba, amma ga amsar a kan takarda.

Wannan gwajin yana da nauyi a wurinmu fiye da wasu wurare. A rok na Amurka da Ingila, sau da yawa da gangan ake tura murya cikin jitoci, masu sauraro ba su damu ba. Bahaushe kuwa magana yake bi. Daga makaɗan fada har waƙoƙin fina-finai, murya ce a gaba, kiɗa yana take mata baya. In bai ji abin da ka ce ba, ya tashi, ko da jitar ta kai inda ta kai.

Kusan duk wanda na gwada da shi shawara ɗaya ya ba ni: a ƙara murya. In ka bi wannan kai tsaye, muryar za ta fito, amma sai ta rabu da kiɗan, waƙar ta rasa ƙarfinta. Wani dattijo mai sitidiyo a wajen Wunti, wanda ya daɗe yana naɗar tallace-tallacen rediyo da waƙoƙin biki, shi ya warware min. Ya saurara ido a rufe, ya maimaita amshin, sannan ya ce, "Ɗana, muryarka ba ta yi ƙasa ba. Jitocinka ne suka zauna mata a kujera." Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya nuna min a allon kwamfuta. Abin da ke sa a rarrabe baƙaƙen magana yana tsakanin 2,000 zuwa 4,000 Hz, kuma nan ne jita mai kaushin sauti take tara ƙarfinta. Ya rage jitocin kaɗan a daidai wurin, abin da bai wuce desibel 3 ba (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), ya kuma yanke musu duk abin da ke ƙasa da 100 Hz don bes, wato jita mai zurfin sauti, da babbar ganga su samu fili. Bai taɓa muryar ba, sai ga kalmomin sun fito ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, in mai sauraro ya nuna min wurin da ya dame shi, ina yarda da shi ɗari bisa ɗari. Maganin da ya kawo kuwa sai na bincika tukuna.

Akwai lokacin da amsoshi suke cin karo. Wani ya ce bes ya yi yawa, wani ya ce babu bes sam. Dukansu gaskiya suka faɗa. Na farko a cikin keke napep ya ji, da ƙatuwar sifika a bayan kujera. Na biyu a sifikar waya ya ji, wadda ba ta iya fitar da zurfin bes. Don haka tambayata ta farko yanzu ita ce, "A kan me ka saurara?" Don masu waya, nakan ɗan kausasa sautin bes ɗin, ya haifar da amo a sama inda ƙaramar sifika take iya kaiwa, kunne kuma ya cike sauran da kansa.

Teburin mai shayin layinmu ya zama min wurin gwaji. Sifikarsa ta Bluetooth ƙwaya ɗaya ce, tana haɗe hagu da dama wuri guda. Nan ake gane jitar da aka kwafa aka ɗan jinkirta ta don ta yi faɗi: a hedifon ta cika kai, a sifika ɗaya kuma kwafin biyu sukan cinye juna ta koma siririya. Gara a kaɗa jitar sau biyu da gaske, ɗaya hagu ɗaya dama. Ina zaune da kofin shayina ina kallon hannuwa. In wani ya miƙa hannu ya rage ƙara, nakan duba daƙiƙar da waƙar ta kai in rubuta.

Wani tarko kuma shi ne ƙara. Tun a 1933 wasu masana sauti biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam yana ƙara jin zurfi da kaifin sauti idan aka ɗaga ƙara. Ka tura wa mutum haɗi biyu, ɗaya ya ɗan fi ƙara, yawanci shi zai zaɓa. Sai na daidaita ƙararsu kafin in tura, kuma a WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa don fayil ɗin ya isa yadda yake.

Ba kowace magana nake ɗauka ba. Da yawa sun ce min in cire kaushin jitar, wai kamar sifika ta fashe. Na fahimce su, kunnensu bai saba ba. Amma kaushin nan shi ne rok, shi ya sa na ɗauki jita tun farko, kuma samarin da suka saba da kiɗan jitar Agadas ba su taɓa kuka da shi ba. Abin da nake dubawa shi ne ko ƙorafin yana kan salon gaba ɗaya, ko yana kan wuri ɗaya. Mutanen da ba su san juna ba sun yi ta nuna min tsakiyar waƙar, inda jita take kuka ita kaɗai, suna cewa nan yana soke kunne. Na koma na tarar da wani kaifi a wajen 4,000 Hz, na sassauta shi a wannan gaɓar kaɗai. Sauran kaushin na bar shi yadda na kaɗa shi.