Ƙosai ɗaya a Agege

Yau ɗana ya ci ƙosai ɗaya, na shige ɗaki ina hawaye.

Yana da PKU, wata cuta da ake haihuwar yaro da ita. Hantarsa ba ta sarrafa fenilalanin, sinadarin da ke cikin nama, ƙwai, madara da wake. In ya taru a jini sai ya tare wa wasu sinadarai hanyar ƙwaƙwalwa, dofamin da sirotonin, masu kai saƙo a ƙwaƙwalwa, su ragu, natsuwa ta gudu. Shekara 6 muna auna abincinsa da sikeli.

Likita ta ɗora shi kan wani magani mai suna Kuvan, ta ce ba kowa yake karɓa ba. Alhamdulillahi, ya karɓe shi, fenilalanin ya sauka. Madararsa ta musamman tana nan, tsire kuwa tukuna.

Kakarsa ta ce in ƙara masa. Na ce, "Hajiya, sai mun ga gwajin wata mai zuwa."