Kafin ka sayi keken da ake ɗagawa da yatsa biyu

Ranar da kekena ya iso tasha daga Legas, yaron motar da ya sauko da kwalin ya girgiza shi ya ce, "Oga, anya ba a yi maka sata a hanya ba? Ba komai a ciki fa." Daɗi ya kashe ni, don abin da na biya kuɗi a kansa ke nan. Keken tsere ne na kabon, gwanjo, kilo bakwai da rabi, ga shi kuwa na taso da Phoenix ɗin mahaifina wanda ya kusa kilo ashirin. Kuɗin da na zuba a kansa ya isa sayen babur, har uwargida ta yi kwana biyu tana tambayata inda injin yake.

Yanzu a nan Bauchi samari kan tare ni a Fadaman Mada ko bakin filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, su ɗaga keken su yi salati, su tambayi inda za su samu irinsa. Ƙannena, ban hana ku ba. Amma ku ji abin da ya same ni tukuna.

Rashin nauyin ne ya ruɗe ni. Na karanta cewa tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, sai na riƙa auna nawa da wannan lambar kamar gobe za a kira ni Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa. Abin da ban auna ba shi ne tumbina. Ina da kilo casa'in a lokacin. Na biya maƙudan kuɗi don rage kilo biyu a jikin keke, alhali ga kilo goma sha biyar a jikina da tuwon dare ya tara, waɗanda za su tafi kyauta. Kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya nauyi ba shi ne babban abokin faɗanka ba, iska ce. Sai a hawa ne kilo yake magana.

Ban kuma tambayi girman firam ba, wato gangar jikin keken, don ban san keke yana da lamba kamar takalmi ba. Nawa 58 ne, na dogon mutum, ni kuwa tsawona mita ɗaya da saba'in, wanda 52 ko 54 ya kamata. Mai sayarwa ya rage mini kuɗi, na ɗauka wayo na yi. Araha ba ta ado. In na yi awa ɗaya a kai sai ƙuguna ya riƙe, yatsuna su mutu, wuyana ya ƙage, saboda miƙewa nake yi kamar mai ɗebo ruwa a rijiya kafin in kamo birki.

Babbar ɓarnar ta faru ne a wata na biyu, kuma da bakina na jawo ta. Sandar sirdi ta riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan ina cikin tafiya. Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, mutumin da tun ina yaro yake yi mana faci. Ya juya keken, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Yaro, wannan ai roba ce, ba ƙarfe ba. Ni tsoronsa nake ji." Na ce, "Haba Baba, ɗaure kawai." Ya sa alanki ya ɗaure, ya tsaya. Na ce ya ƙara. Ya dube ni, ya ƙara rabin juyi. Sai muka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka ɓawon gyaɗa. Baba ya ajiye alankin a hankali ya ce, "Ka ji ko?" Na ji. A jikin zoben da ke riƙe sandar an rubuta 5 Nm da ƙananan haruffa, na sha ganin rubutun, ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ashe iyakar ƙarfin da za a ɗaure notin ke nan.

Ga abin da na fahimta bayan aikin gama ya gama. Kabon zaruruwa ne da suka fi gashin kai siranta, ana shimfiɗa su hawa-hawa kamar zanen gado, a jiƙe su da wani irin danƙo, a gasa a cikin mazubi har su sandare. Masu ƙira suna jera zaren ne ta inda ƙarfi zai bi, wato taka feda da nauyin mahayi da jijjigar hanya. Ta can yana da ƙarfin ban mamaki. Tun 1986 Greg LeMond ya ci Tour de France a kan firam mai bututun kabon, ka ga ke nan ba abin wasan yara ba ne. Amma matsa shi ta gefe, ko bugu a wuri ɗaya, shi ne ajalinsa. Ƙarfe in ya gaji lanƙwasa yake, ya yi maka gargaɗi, ka kai wa mai walda. Kabon tsagewa yake, wani lokaci daga ciki, fenti na nan lafiya ƙalau, sai ranar da kake gangara da gudu ya ba ka labari. Kuma ba a yi masa walda. Ana gyara shi, amma aikin ƙwararru ne masu kankare wurin su shimfiɗa sabon zare, ba aikin Super Glue ba ne, ko da wani ya rantse maka.

Mu kuwa a nan mun saba da ɗaure noti har sai ya ƙi motsi, mu jingina keke a kan kowane dutse, mu ɗora shi saman mota a danne da buhun masara a tamke da igiya, mu ba duk wanda ya ce "bari in ɗana." Duk wannan Phoenix yana ɗauka ya yi shiru. Wannan ba ya yafewa. Saboda haka kafin ka sayi rigar tsere mai ɗame jiki, sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da man nan mai yashi-yashi da ake shafa wa sandar sirdi don kada ta zame. Da ina da shi, da ban ma je wajen Baba ba. In kuma gwanjo za ka saya, wanke keken tsaf ka duba shi a rana, musamman ƙarƙashin firam, da bakin sirdi, da wuyan da ke riƙe ƙafar gaba. Ɗauki kwabo ka riƙa ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri ƙararsa tsaf take, inda ya rabu daga ciki sai ka ji ta dushe. Ba hujja ba ce cikakkiya, amma ta fi sayen kifi a ruwa. Ka kuma sani akwai jabun firam da ake buga wa sunan manyan kamfanoni, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa ka ja baya.

Wata huɗu keken yana rataye a bango kafin in tara kuɗin wani firam ɗin. Abin da ya sanyaya mini rai kawai shi ne wannan karon 54 na saya, ciwon ƙugu ya tafi.

Sai taya. Da siririya ya zo, mai faɗin milimita 23, kuma bakin tif ɗinsa irin siririn nan ne da ake kira Presta, wanda famfon masu faci ba ya kamawa sai da ɗan mahaɗi. Na ɗauka yawan iska shi ne gudu, sai na riƙa cika ta tam kamar dutse, kowace tsakuwa tana shiga har haƙorana. Na zo na rage da yawa kuma, ran nan wajen Buzaye na faɗa rami, rim ya cije tif ɗin ya yi huji biyu jere kamar saran maciji. Ba ni da wani, ba ni da famfo. Na dawo gari a bayan a-kori-kura, rungume da keke, tsakanin kwandunan tumatir. Washegari na zaga Wunti da Muda Lawal ban dace da tif mai lamba 700 ba, wato girman tayar keken tsere, sai da na yi aike. Ga tsidau a gefen kwalta, in ka kauce wa tirela ka sauka kansa, ka gama. Yanzu 28 nake hawa, ta fi laushi, ta fi riƙe hanya, kuma manyan 'yan tseren ma yawancinsu sun bar siririyar. Ba na fita sai da tif biyu, ƙaramin famfo da kayan faci a ƙarƙashin sirdi.

Sarƙa ma na cuce ta. Baƙin man inji na riƙa zuba mata, ƙurar hunturu ta manne, suka haɗu suka zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sarƙa ta miƙe, ta cinye haƙoran giya goma sha ɗaya da ke baya, na sayi duka. Ɗan mai kaɗan irin na sarƙa, a goge da tsumma, shi ke nan.

Faɗuwata ta farko ba a gudu ba ce. Na sa takalmin da ke maƙalewa a feda, na zo shataletalen Gidan Mai, wani mai Keke Napep ya tsaya a gabana, na taka birki, ƙafa ta ƙi fita. Na tafi gefe a hankali kamar an sare gwanda. 'Yan acaɓa suka yi ta "sannu Bature." Ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya ya lanƙwashe, da ma an yi shi ne don ya ɗauki bugun a madadin firam, amma kowane keke da irin nasa, don haka ka nemi na ajiya tun kafin ka buƙata. Ka kuma koyi zare ƙafa a tsakar gida, kana dafe da bango. Hular kwano kuwa ba na ma tattaunawa a kanta.

Wautar da ta kusa kai ni asibiti ita ce ta watan Afrilu. Na ce zan je Jos, wajen kilomita 130, daga Bauchi mai tsayin kusan mita 600 zuwa tudun da ya kai 1,200. Na tashi ƙarfe tara da gorar ruwa ɗaya, ban karya da komai ba sai shayi. Na wuce dutsen Zaranda ina jin kaina sarki. Kafin Nabordo ƙafafuna suka zama kamar na aro, idona ya fara ganin duhu-duhu. Na zube a gindin wata bishiya, wata Bafulatana mai tallar nono ta dama mini fura, tana kallon wandona tana kallon keken. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya kore ka?" Ban da amsa. Tun ranar, da na idar da sallar Asuba nake fita, da fitila gaba da baya, gora biyu da dabino a aljihu, kafin rana ta yi zafi na dawo. Nisan kuma a hankali ake ƙara shi, mako bayan mako.

Na san abin da ke jan ku. Mun ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku da koriyar rigar gwarzon maki a Tour de France ta 2024, mun ga an kawo gasar tseren keke ta duniya Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2025, dole zuciya ta motsa. Da ɗan yayata ya zo da kuɗin da ya tara yana son irin nawa, sai na raka shi muka nemo na alminiyam daidai tsawonsa, ya fi nawa da wajen kilo biyu, ragowar kuɗin muka sayi hula, famfo, fitila da tif. Ya yi kwana uku yana fushi da ni. Ranar Asabar da ta wuce muka bi hanyar Dass, a hawan farko ya miƙe tsaye a kan feda ya bar ni. Na tarar da shi a Liman Katagum zaune a teburin mai shayi, har ya sa an soya mini ƙwai, ya huce.