Yadda ake rubuta wa ɗan sakandare labarin da zai karanta har ƙarshe

Da watan Satumba ya kama, kasuwar Wunti da ta Muda Lawal kan cika da iyaye masu sayayyar komawa makaranta. Bokiti, sandal, littattafan rubutu, garin kwaki, sukari da ƙuli-ƙuli na 'yan makarantar kwana, duk ana cusawa a akwati. Abin da ba kasafai yake shiga akwatin ba shi ne littafin labari. Ba don yaran ba sa karatu ba ne. Suna yi, har da daddare a wayar yayarsu. Sai dai abin da ke zuwa hannunsu bai wuce biyu ba: ko tatsuniyar da suka girme ta, ko littattafan da aka rubuta wa matan aure da ke yawo a zaurukan WhatsApp. 'Yan shekara 13 zuwa 17 an bar musu fili fetal, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a shekarun nan ne mutum ke kama son karatu ko ya sake shi har abada.

Mu a Bauchi ma bai kamata mu rasa ta cewa ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya, kuma ƙashin bayan labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa. Ke nan tun farkon rubutun zube na Hausa an san idon yaro na iya ɗaukar labari mai nauyi.

Wanda zai rubuta wa matasa, ya fara da shekarun jarumi. A sa shi ya ɗara mai karatu da shekara ɗaya ko biyu. Ɗan JSS 2 yana son leƙen abin da ke jiransa a SS 1, amma ɗan SS 2 ba zai ɓata lokaci kan labarin ɗan JSS 1 ba, gani yake an raina shi. Idan ana son littafin ya ratsa sakandare duka, jarumi ɗan shekara 15 ko 16 ya fi dacewa.

Sai matsalar da za a ɗora masa, kuma nan ne manya suka fi kuskure. Babba yakan auna damuwa da mudunsa, sai ya ga dole sai an kawo 'yan fashi ko dukiyar gado kafin labari ya yi armashi. Alhali rayuwar ɗan sakandare cike take da abubuwan da ke hana shi barci. Yaron da ya gama JSS 3, uba na son ya shiga ajin kimiyya ya zama likita, shi kuwa lissafi ya ƙi shiga kansa kuma ya kasa faɗa. Yarinyar da ta jiyo ana maganar aurenta a tsakar gida saura shekara guda ta rubuta WAEC. Yaron ƙauyen Dass ko Ningi da buɗe makaranta ya zo masa daidai da cirar gyaɗa, ya dawo an yi mako uku ana darasi. Wadda aminiyarta ta dawo daga dogon hutu da sababbin ƙawaye da sabon yanga. Wanda aka miƙo masa takardar satar amsa ranar jarrabawa alhali ya san bai yi karatu ba. Guda ɗaya daga cikin waɗannan ta isa littafi. A ɗauki ɗaya ta zama babba, a jingina mata ƙarama guda. Idan suka kai uku ko huɗu, labarin zai watse.

Shafin farko shi ne kasuwar littafin. Akwai wata al'ada da ta yi katutu a littattafanmu: a buɗe da asalin Alhaji wane, matansa nawa, 'ya'yan kowace ɗaki nawa, har a cinye shafi biyar ba a ga jarumi ba. Babba mai haƙuri zai jure, ɗan shekara 14 kuwa ajiyewa zai yi. Ga yadda za a iya buɗewa maimakon haka: daren jajibirin komawa, an ɗauke wuta, Inna ta haska fitilar waya tana auna gari a leda, tana ƙirga ƙwayoyin sukari. Hajara na zaune a bakin katifa, ta lura bokiti ɗaya aka saya, alhali su biyu ne masu tafiya, ita da ƙanenta. Ba wanda ya ce komai. Mai karatu ya riga ya gane kuɗi bai kai ba, kuma yana son sanin wa za a bari a gida. Tarihin gidan ya riƙa shigowa kaɗan kaɗan daga baya, layi ɗaya nan, layi biyu can, a lokacin da ake bukatarsa.

Bayan doguwar shimfiɗa, cuta ta biyu ita ce wa'azi. Kada a fahimce ni a baibai, labarin da ba ya gyara tarbiyya ba shi nake nema ba. Amma yaron nan ya sha nasiha a taron safe, ya sha a aji, ya sha a Islamiyya da yamma, ya dawo gida ya tarar da wata. Idan ya buɗe littafi ya ga marubuci ya tsayar da labari yana cewa "ya ku matasa", ya san an yi masa tarko. Darasin ya fito daga sakamako. Wanda ya karɓi takardar satar amsa ya ci jarrabawa, aka kai shi ajin da ba zai iya ba, ya wuni yana kallon allo kamar baƙon yare, malami na yabonsa a gaban jama'a shi kuwa cikinsa na ƙugi don tsoron ranar tonon asiri. Wannan ya fi shafi goma na gargaɗi shiga jiki.

Kusa da wannan akwai kawun da ke dirowa daga Abuja a babi na ƙarshe ya biya kuɗin kowa. Da zarar babba ya warware matsalar, labarin ya tashi daga na yaron. Manya su kasance a ciki, da mutuncinsu da gajiyarsu da dalilansu, kada a mai da uba azzalumi don kawai ya ce a'a. Amma matakin da zai juya al'amari, jarumi ne zai ɗauka, kuma ya biya wani abu a kai: ya rasa aboki, ko ya maimaita aji, ko ya tsaya gaban mahaifinsa ya faɗi gaskiyar da yake gudu.

Soyayya fa? Ɓoye ta ƙarya ce, yara sun san tana nan. Iyakarta dai faɗuwar gaba, da wasiƙar da aka rubuta aka kasa bayarwa, da kunya. Ma'aunin mai sauƙi ne: shafin da malama ba za ta iya karantawa da ƙarfi a gaban aji ba, a cire shi.

Hira tana bukatar kunne. Ɗalibi ba ya cewa "ina mai ba ka haƙuri bisa abin da ya faru", cewa yake "yi haƙuri mana". Yadda yake magana da abokinsa daban, yadda yake yi da siniya daban, kuma idan ya shiga gaban Baba sai ya rusuna, maganar ta gajarce. Bayanin marubuci ya tafi da daidaitacciyar Hausa, domin ita ake koyarwa kuma ita ake jarrabawa da ita a WAEC da NECO. A bakin 'yan cikin labari kuwa a bar Bausanci ya ɗan leƙo, irin "matan shi" inda Bakano zai ce "matarsa". Yaron Bauchi da ya ga maganar unguwarsu a takarda, ya ga an ambaci Ƙofar Ran ko masar safe ko yawon buɗe ido zuwa ruwan Wikki a Yankari, zai ji littafin nasa ne. Sara kuwa a rage ta, don wadda ake yayi bana baɗi ta tsufa.

Yanzu lissafi. Babi kada ya wuce kalma 1,000 zuwa 1,300, wato abin da za a karanta cikin kamar minti goma, tsakanin tashi daga karatun dare da kashe fitila, ko kafin a tafi Islamiyya. Babi 18 zuwa 20 zai ba da kalma wajen 18,000 zuwa 26,000. Kowane babi ya ƙare da abin da bai rufe ba, kuma kafin ƙarshen babi na biyu mai karatu ya san me jarumi ke so da abin da ya tare masa hanya. Idan za a sake shi a waya, babi ɗaya a rana ya isa, a yanka sakin layi ya zama gajere, domin dogon sakin layi a fuskar waya bango ne.

Idan takarda za a buga, girman A5 da rubutu mai lamba 12 yana ɗaukar kalma wajen 250 a shafi, don haka kalma 24,000 za ta ba da shafi 96. A tabbata yawan shafuka ya rabu da huɗu, saboda kowace takardar A4 da aka naɗe biyu shafi huɗu take bayarwa, shafi 96 takarda 24 ke nan. Ɗinkin waya a tsakiya yana riƙe littafi har wajen shafi 64. Da ya wuce haka sai ya riƙa buɗe baki, takardun tsakiya su fara zarewa, don haka sai a koma ɗaurin gam da bango mai kauri. Littafin ɗan makaranta hannu da yawa yake bi a ɗakin kwana, a yi masa bangon da zai jure.

Abin da ya fi lalata aiki a maɗaba'a shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ana buga ƙ, ɗ da ɓ lafiya a kwamfutar gida, a kai wa mai bugawa, nasa salon rubutun ba shi da su, sai su fito a matsayin 'yan akwatuna ko su koma k, d, b. Nan take ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki, ɓata ta zama bata. Maganinsa a mai da aikin PDF tare da haruffan a ciki kafin a fita da shi, kuma a nemi a fitar da kwafi ɗaya a duba shi shafi shafi kafin injin ya tashi.

Kafin duk wannan, a gwada. A nemi izinin wani malamin Hausa, a samu ɗalibai takwas ko goma, maza da mata, a karanta musu babi uku na farko da murya. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. A riƙe fensir, a sa alama a duk inda wani ya fara wasa da biro ko ya waiwaya taga, wuraren nan ne za a yanke. Sannan a rufe takardar a ƙarshen babi na uku, a yi shiru, a ga ko akwai wanda zai ce, "Malam, to wa aka bari a gida?"