Shekara guda da rasuwar Baffa

Yau shekara guda ke nan da rasuwar Baffanmu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Yana saurayi ya shiga soja, aka horar da shi a Zariya, ya yi yaƙin basasa har aka gama a 1970. Bai cika son zancen yaƙin ba. In mun matsa masa, sai ya ce mu tashi mu ɗauko allo. Mu dai mun san tabon harsashi a ƙaurinsa na hagu, mai tayar masa da ciwo duk hunturu.

Da ya ajiye kaki sai ya kama alli, lokacin da aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ana neman malamai ruwa a jallo. Kafin ƙarfe bakwai ya jingine kekensa a gindin dogonyaro. Wanda ya makara kuwa ya san sauran.

A unguwar Mabera, kafin damina ta sauka, shi ke bi gida-gida da shebur yana fito da samari a yashe kwata. Rigimar gado ma zaurensa ake kawowa, kuma ba ya karɓar ko goro.

Waɗanda ya koyar, don Allah a sa shi a addu'a.