Yanda cocinmu na ƙauye ya yi nasa yaƙin a kakar 2014

Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a cocinmu a lokacin, wani ƙaramin cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a ƙauyen da bai da nisa da titin Song zuwa Gombi a jihar Adamawa. Yaran yanzu in ana maganar yaƙin Boko Haram tunaninsu soja ne da bindiga kawai, shi yasa nace bari in rubuta abun da mu mukai a gida, mu da ko harsashi bamu taɓa riƙewa ba.

Tun da Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika ta biyo a Satumba, mun fara ganin baƙi jefi jefi. Amma ranar 29 ga Oktoba da aka shiga Mubi, aka kuma tarwatsa hedkwatar ikilisiyarmu a Kwarhi, sai titi ya cika. Mutane a ƙafa, ƙafafu sun kumbura, wata da goyo ba ko zanin canji, wani tsoho an ɗoro shi a baro. Da yawa Yola suka nufa, don an ji ana karɓar mutane a majami'ar St. Theresa wurin Bishop Mamza da sauran wurare, amma wanda ƙarfinsa ya ƙare a wajenmu ai nan ya tsaya. Bencinan coci muka jera a waje, aka shimfiɗa tabarmi a ciki, sauran aka raba su gida gida. Kuma fa ba Kirista kaɗai ba, harda Musulmi, don masu korar basu bar kowa ba.

A daidai lokacin ne maharba da 'yan banga suka fara haɗuwa za su taya sojoji, kuma daga ƙauyenmu ma an samu waɗanda suka tafi, banda yaranmu da dama can suna aikin soja. Nan rigima ta tashi a zaman dattawa. Matasa suka ce a ciro kuɗin baikon coci a sayi albarushi a ba maharba, tunda su ne suka tare mana hanya. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya miƙe yace tun da aka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 wannan ikilisiya ta salama ce, baikon Ubangiji ba zai sayi abun kisa ba. Wani yaro yace, "Baba, to in sun iso nan da waƙa za mu tare su?" Aka yi shiru. Baba Fasto ne ya raba gardamar, yace kuɗin coci na ciki ne da ƙafa da ido, wato abinci da takalmi da tocila, wanda yake son bada wani abu daban ya bayar daga aljihunsa. Har yau akwai waɗanda basu gamsu ba, ni kam ina ganin hukuncin ne ya hana cocin rabewa biyu.

Abincin bakin daga ba irin na gida bane, wannan maharban da kansu suka koya mana. Dafaffe baya kai wa, kafin ya isa ya lalace, kuma mutumin da ke kwance a daji baya son hura wuta hayaƙi ya tona shi. Sai muka koma ƙuli ƙuli, dakuwa, soyayyar gyaɗa, garin kwaki da suga, yaji a ƙulle a leda ƙanana ƙanana yanda kowa zai zura a aljihu. Kwana muke muna tuya a bayan coci, Mama Fasto a kan turmi, 'yan mata suna murza, hannu duk mai, a haka ake rera waƙoƙin zumunta ƙasa ƙasa don ba'a son hayaniya da dare. Batir da katin waya da maganin ciwon jiki kuwa sun fi komai farin jini, sai takalmin roba.

Amma in ka tambaye ni babban aikin da mukai, gona ce. Ku tuna kaka ce fa, masara ta bushe a tsaye, gyaɗa na jiran cira, dawa ta kusa, ga masu gonakin suna daji. Mutum ba zai tsaya da zuciya ɗaya a bakin daga ba in yana tunanin shanu da gara na cinye masa abincin shekara. Sai aka sa gayya, bayan addu'ar safe a faɗi gonar da za'a yau, ba tare da an ambaci inda mai ita ya tafi ba. Wannan doka ce mai ƙarfi, ba'a kiran sunan wanda ke gaba daga kan bagadi ko da sunan neman addu'a ne, ba'a faɗin ranar da kaya za su tashi, don coci ya cika da fuskokin da bamu sani ba kuma waya na hannun kowa. 'Yan gudun hijirar nan su suka fi mu zafin nama a gonar, manoma ne ai, zaman jiran a miƙo musu kwano ya fi yunwar cin ransu. Wata mata daga wajen Michika ta ce min, "Yaya, ki bani lauje kawai, in ina aiki bana tunani." Gonar Musulmin da suka tafi ma an yanke, limamin unguwar ya turo nasa yaran, aka kai komai rumbun mai shi.

Da Hong da Gombi suka shiga hannu a tsakiyar Nuwamba mu ma kayanmu a ɗaure suke, kwana da takalmi a ƙafa, sai Allah ya sa ba'a daɗe ba aka kwato su harda Mubi. To daga nan ne wahalar gaske ta fara, don da zarar tsoro ya ragu hannu ma sai ya fara janyewa. Farkon abu kowa na kawo buhu, zuwa Janairu sai mudu, shima sai an bi gida. Abun da ya cece mu shine littafi, kowane mudu da ya shiga da wanda ya fita na rubuta, ana karantawa ranar Lahadi bayan sanarwa, don inda ake rabon abinci ba'a rasa mai cewa ma'aji ta yi ƙiba. Sannan muka daina jiran babbar kyauta, muka ce kowace mace in za ta ɗora tukunya ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a gefe, ranar Alhamis ta kawo zumunta. Abun kamar wasa amma shi ya kai mu har bayan zaɓen da aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris 2015.

Ba duk waɗanda suka tafi ne suka dawo ba. Matansu basa buƙatar dogon wa'azi, abun da suke tambaya shine wa zai yi huɗa bana, wa zai biya kuɗin makaranta. Dattawa suka sa gonakinsu cikin jerin gayya na dindindin, ana yi kafin a taɓa gonar coci ma.

Da damina ta matso baƙinmu suka fara shirin komawa, mafi yawa gidajensu a ƙone, rumbuna wayam. Tun a kaka dattijon nan malami ya sa an ware iri an kulle a ofishin fasto, an sha zaginsa a Fabrairu lokacin da tuwo ya koma sau ɗaya a rana, shi kuwa makullin na aljihun rigarsa ko kallon mutane baya yi. Da irin nan aka sallami kowane gida, masara da wake da gyaɗa, harda fartanya ga wanda bai da ita, direbobin cocinmu suka kai su Gombi suka sa su a motar Mubi.